Hali zanen dutse: Me bishiyar da ka zana a takarda ta sani game da kai?

Duk wanda ke da babbar waya a Yamai, kuma yake cikin zauren WhatsApp na tsofaffin abokan makaranta ko na ƴan fada, da wuya a ce bai taɓa cin karo da irin wannan saƙo ba. Yakan zo da Faransanci, wani lokaci da Ingilishi, wani lokacin kuma bidiyon TikTok ne da wani ya ɗora wa murya da Hausa ko Zabarmanci.

Umarnin ba shi da wuya. Ɗauki farar takarda da bik, ka zana bishiya, kada ka tsaya dogon tunani. Idan ka gama sai ka duba fassara.

Wanda ya yi wa bishiyarsa manyan saiwoyi, wai mai riƙo da asalinsa ne. Wanda ya bar ta babu ganye yana cikin ƙunci. Wanda ya matse zanen a kusurwar takarda bai yarda da kansa ba. Rami a jikin kututture kuwa, an ce tabo ne na wani abu da ya same ka tun kana yaro.

A fada abin raha ne. Kafin a sauke shayi na biyu an gama yi wa kowa fassara, an tsokani wanda tasa ta fi kama da tsintsiya. Sai dai ba kowa ke barin maganar a fada ba. Akwai mai komawa ɗaki da kalmar "ƙunci" tana yi masa yawo a ka. Akwai budurwar da za ta tura wa saurayinta gwajin don ta san irin mutumin da ke neman aurenta. Akwai uwa ko malamin makaranta da zai ga zanen yaro ya tsorata. Ga kuma ɗan ci-rani a Tamanraset ko Tripoli ko Marseille, wanda dare ya yi masa tsawo, ba shi da abokin hira sai waya. Yanzu ma abin ya ƙara sauƙi, domin mutum na iya ɗaukar hoton zanensa ya tura wa ChatGPT, cikin daƙiƙa kaɗan ya samu shafi guda na bayani a kan halinsa.

Tambayar ita ce, nawa ne gaskiya a ciki?

Ba a TikTok aka ƙirƙiro shi ba

Waɗannan gwaje-gwaje suna da asali a ilimin halayyar ɗan'adam, kuma sun kusa shekara 100.

A 1926 wata masaniya a Jami'ar Minnesota ta Amurka, Florence Goodenough, ta fito da gwajin zanen mutum. Burinta shi ne auna yadda basirar yara ke girma, ba ta yi maganar hali ba. Yaro zai zana mutum, sai a ba shi maki a kan abubuwa 51: ya sa kai, ya sa wuya, yatsun sun cika biyar, hannu ya fito daga kafaɗa ko daga kai.

Bayan yaƙin duniya na biyu ne aka karkatar da abin zuwa ga binciken zuciya. A 1948 John Buck ya fito da gwajin gida da bishiya da mutum a Amurka. A 1949 Karen Machover ta wallafa littafin da ya yi iƙirarin cewa idan mutum ya zana wani, kansa yake zanawa bai sani ba: babban kai na nuna damuwa da batun basira, manyan idanu zargi, ɓoye hannu kuma jin laifi. A shekarar dai Karl Koch na ƙasar Suwizalan ya fitar da littafinsa kan gwajin bishiya, wanda ya gaji tunaninsa daga Emil Jucker, wani mai bai wa matasa shawara kan zaɓen sana'a.

A ƙasashen da ke karatu da Faransanci, irin namu, sunayen da suka fi yawo su ne Renée Stora, wadda ta faɗaɗa gwajin bishiya a Faransa, da likita Louis Corman, wanda ya wallafa gwajin zanen iyali a 1964. Shi wannan ana ce wa yaro ya zana iyali, sai a duba wa ya fara zanawa, wa ya girmama, wa ya manta da shi.

Akwai kuma na Bajamushe Ehrig Wartegg na 1939, mai gidaje takwas, kowanne da ɗigo ko ɗan layi da za ka ƙarasa ya zama hoto. Har yanzu kamfanoni a ƙasashe irin su Indonesiya na amfani da shi da na bishiya wajen tantance masu neman aiki.

Tunanin da ke ƙarƙashinsu duka ɗaya ne: idan aka ba mutum farar takarda babu amsar daidai babu ta kuskure, abin da ke cikinsa ne zai zubo. Magana ce mai daɗin ji, kuma ba ta yi nisa da tamu ta cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Matsalar ta taso ne lokacin da aka zo aunawa.

Da aka gwada gwajin

A 1967 wasu masana biyu a Amurka, Loren Chapman da matarsa Jean, sun yi wani bincike da har yau ake koyar da shi. Abin da ya ɗaure musu kai shi ne, nazarce-nazarce na ta nuna cewa alamomin Machover ba sa tabbata, amma ƙwararrun da ke aiki a asibitoci na rantsuwa cewa suna ganin su a wurin majinyata kullum.

Sai suka tattara zane-zanen mutane, suka liƙa wa kowanne bayanin wata damuwa, kamar "wannan yana zargin mutane" ko "wannan yana damuwa da basirarsa". Sun haɗa su ne a hargitse, ta yadda babu wata alaƙa tsakanin zane da bayani. Daga nan suka nuna wa ɗaliban da ba su taɓa sanin gwajin ba, suka tambaye su abin da suka lura da shi.

Ɗaliban suka ce masu zargi na zana idanu na daban, masu damuwa da basira na zana babban kai. Wato daidai abin da ƙwararrun ke faɗa, alhali babu shi a takardun da aka ba su. Ko da aka sake shirya takardun ta yadda alaƙar ta koma akasin haka, da yawa sun ci gaba da ganin abin da suka zo da shi a ransu.

Dalilin a fili yake. Kalmar zargi tana tuna mana ido, basira tana tuna mana kai. Ƙwaƙwalwa na riƙe misalan da suka dace da tsammaninta, ta zubar da sauran.

A shekarar 2000 Scott Lilienfeld da James Wood da Howard Garb sun bi ɗimbin binciken da aka yi kan irin waɗannan gwaje-gwaje. Hukuncinsu kan zanen mutum bai yi wa masu gwajin daɗi ba: mafi yawan alamomin da ake fassarawa ɗaya bayan ɗaya ba su da hujjar da ta tsaya da ƙafarta. Inda aka ɗan samu haske shi ne idan aka dubi zanen gaba ɗayansa, kuma ko a nan ɗin ma iya zane yana shiga ciki ya rikita lissafi. Wanda hannunsa bai faɗa ba yana iya fitowa a matsayin mai damuwa, alhali zane ne kawai bai iya ba.

Ko a fannin basirar yara, inda Goodenough ta fara, alaƙar ba ta da ƙarfi. Wani babban bincike da aka wallafa a 2014 daga King's College da ke Landan ya bi tagwaye sama da 7,700, ya gano cewa zanen da yaro ya yi yana ɗan shekara huɗu na da ƴar alaƙa da makinsa na basira yana ɗan shekara 14. Masu binciken da kansu sun ja hankalin iyaye cewa kada su tayar da hankali don ɗansu bai iya zane ba.

To me ya sa mutum ke karanta fassarar ya ji kamar an leƙa zuciyarsa?

Bertram Forer ya amsa wannan tun 1948. Ya yi wa ɗalibansa 39 gwajin hali, bayan mako guda ya miƙa wa kowanne takardar da ya ce sakamakonsa ne shi kaɗai. Ya nemi su ba ta maki daga sifili zuwa biyar gwargwadon yadda ta dace da su. Matsakaicin makin ya kai 4.3. Sai daga baya ya gaya musu cewa takarda ɗaya ce ya raba wa kowa, kuma ya tsinto jimlolin ne daga wani littafin taurari da ya saya a wurin mai jarida.

Jimlolin irin waɗanda ke hawa kan kowa ne: kana son mutane su so ka, kana yawan ganin laifin kanka, a waje kana nuna dakiya amma a ciki akwai fargaba, kana da baiwar da ba ka yi amfani da ita ba tukuna. Karanta wa matashin da ya gama jami'a shekara uku yana yawo da takardu daga ofis zuwa ofis a Plateau, ka ga ko zai musa ko ɗaya. Wanda ya taɓa zama gaban mai bugun ƙasa ya san salon. An dai sauya yashi da takarda ne.

Gidan Buck ba shi da zaure

Ko da alamomin sun tabbata a inda aka ƙirƙiro su, akwai wata matsalar da ta shafe mu kai-tsaye. An gina fassarar ne a kan gidaje da itatuwa da tufafin Turai da Amurka.

Ɗauki gida. A littattafan gwajin ana duba hayaƙin da ke fita ta bututun rufi a matsayin alamar ɗumin zaman iyali. Ana duba tagogi da ƙofa da hanyar da ta nufo ƙofar, a ce su ne ke nuna yadda mutum ke buɗe wa jama'a zuciyarsa. Gida mai katanga babu taga, wai mai shi ya rufe kansa.

Yanzu ka ce wa yaron da ya tashi a unguwar Birni ta Damagaram, ko a tsohon garin Agadas, ko ma a Boukoki nan Yamai, ya zana gidansu. Katanga zai ja, ya yi ƙofa ɗaya, wataƙila da zaure. Rayuwar gidan duk tana tsakar gida, inda mai wucewa ba ya gani. Gidan da ke ciyar da mutum 20 kullum, baƙo bai taɓa kwana da yunwa a cikinsa ba, a ma'aunin Buck gidan mai gudun mutane ne. Ɗan makiyayi kuma da zai zana bukka ko tanti, babu ma inda za a sa shi.

Bishiya ta fi ban dariya. Koch ya rayu ne a cikin itatuwan tuffa da dazuzzukan Suwizalan. Mu kuwa kuka muka sani, wadda ke shafe watannin rani tsirara babu ganye ko ɗaya, ga ƙaton jiki, sau da yawa ga kogo. Gawo kuma nasa a juye yake: da damina, lokacin da komai ya yi kore, shi yake zubar da ganye, sai rani ya tsananta ya yi lif. Manomi bai taɓa ganin gawo marar ganye ya kira shi alamar baƙin ciki ba, domin ya san a gindinsa hatsi ya fi yin kyau. Giginya da goriba ba su da irin rassan da littafin ke ƙirgawa. Wasu masu fassarar har ma'auni suke ɗorawa a kan kututture, su auna tsayin inda ramin yake, su ce a shekara kaza ne abin ya same ka. Yaron da ya zana kogon kukar ƙofar gidansu fa?

Hatta bishiya guda tilo a tsakiyar fili, wadda ake fassarawa da kaɗaici, a wurin ɗan Nijar tana iya zama abin alfahari. Bishiyar Tenere, wadda ayarin gishiri suka daɗe suna saiti da ita a hamada, ta tsaya ita kaɗai har 1973 lokacin da wani direban babbar mota ya buge ta. Gangar jikinta na nan a gidan tarihi na Boubou Hama, kuma yaran makarantun Yamai da yawa sun je sun gan ta da idonsu.

Zanen mutum shi ya fi sarƙaƙiya. Yarinyar da ta zana mace cikin dogon hijabi ba za ta nuna hannu ba, ba za ta nuna wuya ko kunne ba, kuma a tsarin Goodenough duk maki ne ta rasa, a tsarin Machover kuma ta ɓoye laifi. Ga batun addini. Da yawa daga cikinmu mun tashi da jin gargaɗin malamai kan zana abu mai rai, kuma hadisi ya zo cewa Ibn Abbas ya shawarci wani mai sana'ar zane da ya koma ga itatuwa da abubuwan da ba su da rai. Shi ya sa za ka ga wani ya bar fuska babu ido babu baki, wani ya ja layi a wuya, wani ya ƙi zanawa sam. Mai fassarar da bai san wannan ba zai rubuta abubuwa masu ban tsoro a kan mutumin da tsoron Allah kawai ya hana shi ƙarasa hoto.

Ba yau masana suka lura da haka ba. Goodenough da abokin aikinta Dale Harris sun amince tun 1950 cewa neman gwajin da al'ada ba ta taɓa shi ba mafarki ne. Malik Badri, masanin nan ɗan Sudan da ya rasu a 2021, ya yi nazarin zanen yaran ƙasarsa a shekarun 1960, wani ɓangare tare da Ba'amurke Wayne Dennis, ya nuna cewa makin yara na hawa ne gwargwadon kusancinsu da birni da boko. Har ya gwada sa yara su yi zane da yatsa, saboda wasunsu fensir baƙo ne a hannunsu. A 1979 ya wallafa littafi sukutum kan haɗarin kwaso ilimin halayya daga Yamma a juye wa al'ummar Musulmi ba tare da tacewa ba.

A nan maƙwabta ma, masu bincike daga Jami'ar Osnabrück ta Jamus sun kwatanta zanen yaran ƙabilar Nso da ke karkarar arewa maso yammacin Kamaru da na yaran biranen Jamus. Yaran Nso sun fi zana kansu ƙanana. A fassarar WhatsApp wannan raina kai ne. Masu binciken kuwa sun danganta shi da tarbiyya: yaron da ya tashi yana ganin kansa ɗaya daga cikin babban gida ba ya cika takarda da hotonsa.

Ba wai ba mu da al'adar zane ba ne. Raƙuman dawan Dabous da ke arewa da Agadas, waɗanda babban cikinsu ya haura mita biyar, an sassaƙa su a dutse shekaru dubbai da suka wuce. Akwai zayyanar allo, da adon bangon gidaje, da zanen ƙwarya, da lallen amare. Sai dai hannun da ya ƙware a dagi da zayyana wani abu daban ya koya, gwajin kuma bai san da shi ba.

Inda zane ke aiki da gaske

Duk da haka kuskure ne a ce takarda da fensir ba su da amfani a wannan fanni.

A farkon 2005 wasu ma'aikatan Human Rights Watch biyu, likitar yara Annie Sparrow da lauya Olivier Bercault, sun je sansanonin ƴan gudun hijirar Darfur a kan iyakar Chadi. Sun bai wa yara takardu da fensiran kala don su shagala yayin da ake hira da iyayensu. Babu wanda ya ce musu ga abin da za su zana. Yaran suka zano mahaya dawakai da raƙuma da bindigogi, da jirage masu saukar angulu, da bukkoki na cin wuta. A 2007 ƙungiyar Waging Peace ta tattara irin waɗannan zane-zane kimanin 500, kuma kotun ICC da ke Hague ta karɓe su a matsayin shaidar da ke bayyana yanayin da abin ya faru.

Babu wanda ya auna girman kai ko tsawon hannu a zanen yaran nan. Abin da suka gani suka zana, kuma da aka tambaye su sun yi bayani da bakinsu.

Irin wannan aiki ne ake yi a ƙasar nan tun bayan hare-haren Boko Haram na ranar 6 ga Fabrairun 2015 a Bosso da Diffa. A wuraren da UNICEF da ƙungiyoyin da take aiki da su suka tanadar wa yaran da rikici ya raba da gidajensu, zane na cikin abubuwan da ake yi tare da wasanni da waƙe-waƙe. Manufar ita ce yaro ya samu hanyar fitar da abin da ya yi masa nauyi a baki, ma'aikaci kuma ya lura da wanda ke buƙatar kulawa ta musamman.

Bincike ya goyi bayan wannan. Julien Gross da Harlene Hayne na Jami'ar Otago da ke New Zealand sun nuna a 1998 cewa yaran da aka bari suna zane yayin da suke ba da labarin abin da ya faranta musu rai ko ya tsorata su, sun faɗi kusan ninki biyu na abin da waɗanda aka yi wa tambaya kawai suka faɗa. Likitan yaran nan na Ingila, Donald Winnicott, shi ma yana da wani wasa: ya yi ɗan kwazari a takarda, yaro ya mayar da shi hoto, sannan yaron ya yi nasa shi kuma ya ƙarasa. Ya nace cewa wannan hanyar buɗe hira ce, kada a mayar da ita jarrabawa.

Akwai kuma gwajin zane guda da likitoci ke amfani da shi har gobe, wato zanen agogo. Ana ce wa dattijo ya zana fuskar agogo, ya jera lambobi, ya sa hannuwan a ƙarfe 11 da minti 10. Wanda cutar mantuwa ta fara kamawa yakan tara lambobin a gefe guda ko ya rasa inda zai sa hannu. Wannan aikin ƙwaƙwalwa yake dubawa, bai shafi hali ba, kuma matakin farko ne kawai kafin cikakken bincike. Shi ma yana da iyaka a wurinmu, don kakar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba za ta faɗi gwajin alhali garau take.

Hoton da ka tura, ina ya tafi?

Wani ɓangaren da ba a cika tunawa da shi ba shi ne na bayanan sirri. Shafuka da manhajoji da yawa na gwajin hali kyauta suke, amma sai sun nemi suna, da shekaru, da lambar waya ko izinin shiga asusunka na Facebook.

Badaƙalar Cambridge Analytica da ta fashe a 2018 daga gwajin hali ta faro. Mutum kimanin 270,000 ne suka yi amfani da manhajar, amma ta hanyarsu aka kwashi bayanan mutanen da Facebook ya ce za su iya kai miliyan 87, aka yi aikin siyasa da su. Nijar na da dokar kare bayanan sirri tun 2017, da hukumar HAPDP mai kula da ita, sai dai hannunta ba zai kai ga manhajar da ba a ma san ƙasar da take ba. Wanda ya tura zanensa, ya bi shi da labarin rabuwar iyayensa ko na bashin da ya hana shi barci, ya sani cewa ya ba da abin da ba zai iya karɓowa ba.

To ta ina mutum zai san kansa?

Ƙishirwar da ke sa matasa bin waɗannan gwaje-gwaje ta gaskiya ce, kuma bai kamata a yi mata dariya ba. Kusan rabin al'ummar Nijar ba su kai shekara 15 ba, waɗanda suka ɗara haka kuma na fama da zaɓen sana'a, da aure, da shawarar zama ko tafiya. Masu sauraronsu ba su da yawa. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 sun nuna cewa a nahiyar Afirka ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa ba su kai biyu ba ga kowane mutum 100,000, alhali a Turai sun haura 40.

A Yamai akwai sashen nazarin halayyar ɗan'adam a Jami'ar Abdou Moumouni da ke Harobanda, akwai kuma sashen masu larurar ƙwaƙwalwa a babban asibitin ƙasa, wanda kowa ya sani da Pavillon E. Amma sunan kansa ya zama abin tsokana a gari, har mutum ya gwammace ya tambayi waya da a gan shi a ƙofar wurin. A ganina wannan tsangwamar ta fi kowane gwajin bogi illa, domin ita ke tura mutane wurinsa.

Game da sanin hali kuwa, binciken da Simine Vazire ta wallafa a 2010 ya nuna wani abu da kakanninmu ba za su yi mamakinsa ba. Mutum ya fi kowa sanin abin da ke ɓoye a cikinsa, kamar fargaba da damuwa. Amma a kan abubuwan da son kai ke shiga, irin su kaifin basira da fasaha, abokansa sun fi shi hangen daidai. Wato waɗanda kuke shan shayi tare shekara biyar suna riƙe da rabin amsar, in za su faɗa maka gaskiya, in kuma za ka iya jinta.

Baturen nan Anthony Kirk-Greene, a nazarinsa na 1974 kan wanda Hausawa ke kira mutumin kirki, ya lissafo gaskiya da amana da karamci da haƙuri da hankali da kunya da ladabi da mutunci da hikima da adalci. Babu ɗaya a cikinsu da ake ganewa ba tare da mu'amala ba. Ana danganta wa Sayyidina Umar cewa ya tambayi wani mai yabon mutum ko ya taɓa maƙwabtaka da shi, ko tafiya, ko cinikin kuɗi. Budurwar da ke son sanin halin saurayi za ta fi samun amsa a wurin maƙwabtansa da ƙannensa mata.

Wanda yake son ya yi zanen duk da haka, ya yi. Buck da kansa bai tsaya ga hoton ba, ya tanadi tambayoyi kusan 60 da ake yi wa mutum bayan ya ajiye fensir, kuma su ne masu yaɗa gwajin a waya suka yar. Wace irin bishiya ce? A ina take? Shekararta nawa? Wa ke ba ta ruwa? Wa take tuna maka? Amsar da za ka bayar taka ce, kuma tana iya kai ka ga maganar da ka daɗe kana kauce mata. Idan abin da ya fito ya haɗa da rashin barci, ko ƙin abinci, ko yanke ƙauna da ya wuce mako biyu, ko tunanin cutar da kai, to maganar ta wuce takarda, sai a nufi likita mafi kusa.

Iyaye da malaman makaranta su ne suka fi buƙatar taka-tsantsan. Wani nazari da Brian Allen da Chriscelyn Tussey suka wallafa a 2012 ya bi binciken da aka yi kan ko ana iya gane yaron da aka ci zarafinsa ta hanyar alamomin zanensa, kuma bai samu alamar da za a dogara da ita ba. Zargin da aka gina a kan fassarar hoto na iya rusa gida ko ɓata sunan wanda bai ji ba bai gani ba, haka kuma zane mai kyau na iya sa a yi sakaci da yaron da ke cikin wahala.

Idan zanen yaro ya tayar maka da hankali, zauna kusa da shi ka ce ya ba ka labarin abin da ya zana, ba tare da ka sa masa magana a baki ba. Rubuta kwanan wata a bayan takardar, ka rubuta abin da ya faɗa yadda ya faɗe shi. Idan ya ambaci duka, ko taɓawar da ba ta dace ba, ko wani da yake tsoro, waɗannan kalaman nasa ne za ka kai wa ma'aikacin lafiya ko jami'in kare yara, tare da takardar.